Wayoyi Takwas a Cikin Bango: Yadda Na Gyara Intanet ɗin Gidana

Na yi kusan shekara biyu ina biyan kuɗin layin intanet mai gudun megabit 300 a daƙiƙa ɗaya, amma duk sa'ad da na auna gudun a kwamfutar da nake aiki da ita a ɗakin karatu, abin da nake gani ba ya wuce 94. Da safe 94 ne, da tsakar dare bayan kowa ya kwanta 94 ne, wata rana ya sauka zuwa 93, amma bai taɓa haura wannan iyaka ba ko sau ɗaya. A ɗakunan da ke can ƙuryar gida kuwa lamarin ya fi haka muni, domin a can da Wi-Fi muke dogara, kuma idan mai ɗakina tana magana da 'yan'uwanta ta bidiyo sai hoton ya daskare, murya ta yanke, yara ma idan suna da darasi ta intanet sai sun kwaso littattafansu sun dawo falo kusa da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida.

Kamfanin da ke ba ni layin na fara ɗora wa laifi, kamar yadda yawancin mutane ke yi. Na kira su ya fi sau biyar, kowane karo su auna daga wajensu su ce layin lafiyarsa ƙalau har zuwa akwatin da suka kafa mini a bango, ni kuwa in ɗauka kauce wa alhaki kawai suke yi. Daga nan na sayi sabuwar rauta mai eriya huɗu, na ƙara da 'yar na'urar nan da ake sokawa a soket ɗin lantarki domin ta karɓi Wi-Fi ta sake watsa shi gaba. Babu ɗaya a cikinsu da ta motsa adadin nan na 94, ita kuwa na'urar sake watsawar ta cika sandunan sigina a fuskar wayoyinmu na hannu ba tare da ta ƙara saurin komai ba. Sai daga baya na gane cewa duk tsawon lokacin nan an bar jaki ne ana dukan taiki.

Gwajin da ya buɗe mini ido mai sauƙi ne, kuma da shi ya kamata a ce na fara. Na ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka da wani gajeren kebul sabo, na durƙusa a gaban rautar da ke haɗe da akwatin kamfanin, na haɗa su kai tsaye, na kashe Wi-Fi ɗin kwamfutar domin kada ta bi ta iska ba da sanina ba, sannan na auna. Adadin ya tashi har ya kusa taɓa 300. Na maimaita da safe, da rana da kuma bayan magariba, sakamakon bai canja ba. Ke nan ma'aikatan kamfanin gaskiya suka faɗa mini, abin da nake biya yana isowa gidana cikakke, a tsakanin falo da sauran ɗakuna ne yake zubewa. Na koma ɗakin karatu na buɗe wurin da kwamfuta ke nuna gudun da ita da rauta suka daidaita a kansa, sai na ga an rubuta megabit 100, alhali kuwa dukansu biyu suna iya ɗaukar gigabit ɗaya, wato megabit 1000.

Wannan ne ya sa na zauna na karanta yadda kebul ɗin yake aiki, abin da ban taɓa damuwa da shi ba a da. A cikin kowane kebul na intanet akwai siraran wayoyi takwas na jan ƙarfe, an tufka su bibbiyu sun zama tagwaye huɗu, kowace tagwaye da launinta: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa. Tsohon tsari na megabit 100 da tagwaye biyu kawai yake aiki, waɗanda ke shiga haƙori na 1, na 2, na 3 da na 6 cikin haƙoran ƙarfe takwas na kan robar da ke ƙarshen kebul ɗin. Tsarin gigabit kuwa, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 1999, ba ya yiwuwa sai da duka huɗun. Idan aka haɗa na'urori biyu, sukan yi 'yar yarjejeniya a tsakaninsu a kan gudun da za su yi, kuma idan waya ɗaya tak daga cikin tagwayen nan biyu na ƙari ta katse ko ba ta zauna daidai ba, yawancin na'urori ba sa daina aiki, sai dai su sauka zuwa megabit 100 shiru, ba tare da sun sanar da kowa ba. Dalilin da ya sa nake ganin 94 maimakon 100 shi ne, kowane ƙunshin bayani yana tafiya ne da adireshi da sauran bayanan isarwa kamar wasiƙa a cikin ambulan, kuma su ma suna cin nasu kason. Da cunkoso ne a wajen kamfani, da adadin ya riƙa hawa da sauka gwargwadon lokaci. Tsayuwarsa wuri ɗaya ita ce shaidar cewa wata iyaka ce ta zahiri yake bugawa.

Da na kwance murfin soket ɗin intanet na ɗakin karatu, gani ya kori ji. Wayoyi huɗu ne kawai aka danna a mazauninsu. Tagwaye shuɗiya an karkatar da ita zuwa wani tsohon soket na tarho da ke gefe, wanda babu mai amfani da shi, mai ruwan ƙasa kuma an yanke ta an naɗe a bayan murfin. Wanda ya yi wayarin ɗin gidan tun farko ya raba kebul ɗaya ne gida biyu, intanet da tarho, dabarar da aka saba yi a zamanin da megabit 100 ya ishi kowa. Ban ga laifinsa sosai a wannan ba, amma akwai abubuwa biyu da ban ji daɗinsu ba: ya warware tufkar wayoyin kusan tsawon ɗan yatsa kafin ya danna su, sannan da na bi sawun kebul ɗin na tarar a bututu ɗaya yake tafiya da wayar wutar lantarki.

Tufkar nan ba ado ba ce. Saƙo yana tafiya ne a kan wayoyi biyu na kowace tagwaye, ɗaya tana kishiyar ɗaya, na'urar da ke karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu take karantawa. Idan wata hayaniyar lantarki ta zo daga waje, tufkar tana sa ta faɗa wa wayoyin biyu daidai wa daida, don haka idan aka ɗauki bambanci sai hayaniyar ta share kanta. Har ma kowace tagwaye ana ba ta nata yawan murɗa dabam da na sauran, domin kada su riƙa shiga maganar juna. Duk inda aka warware tufkar, an buɗe wa hayaniya ƙofa ke nan, shi ya sa ƙa'ida ta ce kada a warware fiye da milimita 13 a wurin haɗi.

Ya dace in ɗan ratse saboda waɗanda intanet ɗinsu ke zuwa ta tsohon layin tarho na jan ƙarfe, ba ta zaren gilashi kamar nawa ba. Su matsalar wayarin ta fi shafarsu, domin duk wani reshe da aka ja daga babban layi zuwa wani ɗaki, ko da babu abin da ke haɗe a ƙarshensa, yana mayar da wani sashe na saƙon baya kuma yana kwaso hayaniya kamar eriya. Abin da ya fi a gare su shi ne a sa modem, wato na'urar da ke karɓar intanet daga layin tarho, a soket na farko inda layin ya shigo gida, a cire rassan da ba a amfani da su, a tabbatar kuma akwai matatar da ke raba murya da intanet a kan duk tarhon da ya rage.

Da na so, da na danna wayoyi huɗun da suka rage na rufe murfin, kuma lalle da kwamfutar ɗakin karatu ta warke. Amma hakan ba zai taɓa matsalar ɗakunan ƙurya ba, wadda ita ce ta fi damun iyalina. Saboda haka na zana taswirar gidan a takarda, na sauke wata manhaja mai auna ƙarfin Wi-Fi a wayata, na bi ɗaki ɗaki ina rubuta abin da na gani. Ma'aunin da ake kira dBm da alamar ɗebewa yake zuwa, don haka ƙaramar lamba ita ce mai ƙarfi. Kusa da rauta na samu -42, a tsakiyar gida -66, a ɗakin yara -79, a ɗakin ƙarshe kuwa -84, inda wayar ke kamawa tana saki. Masu wannan sana'a sukan ɗauki -67 a matsayin iyakar da ya kamata a tsaya a kai idan ana son kiran murya da na bidiyo su tafi sumul. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ma'aunin yake lissafi: duk raguwar 3 tana nufin ƙarfin ya rabu biyu, raguwar 30 kuma tana nufin kashi ɗaya cikin dubu ne ya rage. Ashe abin da ke isa ɗakin yara bai kai ko kashi ɗaya cikin dubu na abin da ke falo ba.

Taswirar ta nuna dalilin a fili. Rautar tana kusurwar falo ne, a ƙasa, bayan talabijin, ba don wurin ya dace ba sai don nan ne layin kamfani ya shigo. Rabin abin da take watsawa waje yake fita, sauran rabin kuma sai ya ratsa bango huɗu, biyu daga ciki na kankare mai rodi, ga wani babban madubi a kan hanya, wanda bayansa shafen ƙarfe ne, ga firji. Wi-Fi yana aiki ne a zango biyu da aka fi sani, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farkon ya fi ratsa bango da yin nisa, amma ƙunci gare shi, kuma maƙwabta da na'urorin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci duk a cikinsa suke cuɗanya. Na biyun ya fi faɗi da sauri, sai dai bango biyu masu kauri sun isa su raunana shi. A nan ne kuma na fahimci dalilin da ya sa na'urar sake watsawa ba ta amfane mu ba. Irin wadda na saya da rediyo ɗaya take saurare kuma da shi take magana, saboda haka kowane saƙo sai ya bi iska sau biyu, gudun ya ragu da kusan rabi. Ƙari a kan haka, raunannen saƙon da ya iso gare ta shi take maimaitawa, sandunan da muke gani a waya kuwa ƙarfin da ke tsakaninmu da ita kawai suke nunawa.

Shawarar da na yanke ita ce in daina neman na'ura mai ƙarfin da za ta huda bangaye, in kai intanet ɗin ta cikin kebul zuwa kusa da inda mutane suke zama, ya zama 'yan mitoci na ƙarshe ne kawai za su bi ta iska. Na zaɓi wani ƙaramin ɗakin ajiya da ke tsakiyar gida ya zama cibiya. Daga akwatin kamfani kebul ɗaya zai zo nan, rauta ta dawo nan, kusa da ita a sa akwatin rarraba layi mai ƙofa takwas wanda masu sana'ar ke kira suwic, daga shi kuma kowane ɗaki ya samu nasa kebul ɗin kai tsaye, babu reshe, babu ƙari a tsakiyar hanya. Sannan a maƙala tashoshin Wi-Fi biyu a silin, ɗaya a falo, ɗaya a barandar da ke tsakanin ɗakunan kwana. Zaren gilashin kamfanin kuwa ban taɓa shi ba, domin lanƙwasa kaɗan tana iya lalata shi, gyaransa kuma yana buƙatar kayan aikin da ba ni da su.

Wajen zaɓen kebul na ɗan jima ina nazari. Nau'in Cat5e yana ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100, kuma a gaskiya ya wadatar da buƙatata ta yau. Cat6 yana ɗaukar haka, sannan yana iya kai gigabit 10 idan tsawon bai wuce kimanin mita 55 ba. Cat6a yana kai gigabit 10 har mita 100, amma ya fi kauri da tauri, yana da wuyar bi da lungu. Na tsaya a kan Cat6, saboda babu layin da ya kai mita 40 a gidana, kuma wahalar aikin tana wajen jan kebul ne, ba na so in sake ta nan da 'yan shekaru. Rauta ana canja ta cikin minti goma, abin da ke cikin bango kuwa yakan daɗe fiye da na'urori da yawa.

A nan na kusa faɗawa wani tarko da nake so kowa ya sani. Naɗin farko da na saya an rubuta Cat6 a jikinsa ɓaro-ɓaro, amma da na ɗaga shi sai na ji bai kai nauyin da nake zato ba. Na feƙe waya ɗaya na kankare ta da wuƙa, sai jan launin ya tafi, farin ƙarfe ya bayyana a ciki. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, abin da ake rubutawa CCA a jikin kwali, wani lokaci da ƙananan haruffa. Irin wannan waya ta fi tauye wutar da ke bi ta cikinta, tana saurin karyewa idan an lanƙwasa ta, kuma ba ta cika ƙa'idar da sunan Cat6 ke nufi ba. Haɗarinta ya fi yawa ga mai niyya irin tawa, domin tashoshin silin ɗin ta cikin kebul ɗin intanet za su sha wutarsu, tsarin da ake kira PoE, wanda ƙa'idarsa ta 2003 ke ba da wat 15.4, ta 2009 kuma ta kai wat 30. Wayar da ke tauye wuta zafi take ɗauka, ni kuwa ba na son abin da ke ɗaukar zafi a cikin rufin da iyalina ke kwana a ƙarƙashinsa. Na mayar da shi na nemo na jan ƙarfe zalla, kuma mai sanda ɗaya a kowace waya, domin shi ne na cikin bango. Mai silli-silli mai laushi na gajerun kebul ne da ake haɗa kwamfuta da soket.

Jan kebul ta cikin silin da bango ba aikin da zan yi ni kaɗai ba ne, don haka na kira wani dattijo mai aikin wayarin wanda ya san hanyoyin wutar gidan. Da ya duba taswirata sai ya ce, “Yallaɓai, ai bututun wutar nan akwai sauran fili a cikinsa, me zai sa mu wahalar da kanmu da sabuwar hanya?” Na ce masa, “Malam, a yi haƙuri a raba su, domin wannan yana cikin kurakuran aikin farko.” Na bayyana masa cewa wayar wuta tana zuba wa ta intanet hayaniya idan suka yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa, sannan dokokin wayarin na ƙasashe da dama sun hana haɗa su a bututu ɗaya saboda tsaron rai. Bai yi gardama ba, hasali ma shi ya kawo shawarar a sa kebul ɗin silin a cikin bututun roba saboda ɓeraye, abin da ni ban yi tunaninsa ba. Muka yarda a bar tazara tsakanin layukan biyu, inda kuma ya zama dole su haɗu, su gitta juna a miƙe kamar mararraba. Kafin ya hau sama mun kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni.

Kwana biyu muka yi. Abin da na fi sa wa ido shi ne yadda ake riƙe kebul ɗin, domin hannun da ya saba da wayar wuta yakan ja da ƙarfi. Wannan kebul ba a fizgarsa, ba a karya shi a kusurwa, lanƙwasarsa kada ta matse fiye da ninki huɗu na kaurinsa, kuma ba a buga masa ƙusar da za ta danne shi, domin duk waɗannan suna sauya zaman tufkar da ke ciki ko da fatar waje ba ta nuna komai ba. Iyakar mita 100 ɗin nan ma ta haɗa da komai: mita 90 a cikin bango, sauran 10 na gajerun kebul ne na ɓangarorin biyu. A falo da ɗakin karatu kebul bibbiyu muka ja maimakon ɗaya, kuma kowane kebul na rubuta masa lamba a kansa da gindinsa tun kafin ya shiga bututu.

Haɗa kawunan kuwa ni na yi da hannuna, kuma a nan na yi kuskuren da ya cinye mini yini guda. Akwai jeri biyu da aka amince da su, T568A da T568B, kowanne yana aiki muddin an bi iri ɗaya a ƙarshen kebul biyu. Na zaɓi na biyun, wanda ke tafiya haka daga haƙori na 1 zuwa na 8: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Soket ɗin bango ba su ba ni wahala ba, tunda an buga launukan a jikinsu. Amma da na zo kan kebul ɗin tashar baranda, wanda kai biyu na roba na matse masa, na yi aikin da ka, na jera kowace tagwaye kusa da 'yar'uwarta, kore biyu a jere, shuɗi biyu a jere, domin haka ya fi kama da hankali. Na sa 'yar na'urar gwaji, fitilunta takwas suka kama ɗaya bayan ɗaya, tashar ma ta samu wuta ta tashi, amma gudun ya ƙi daidaita, yana hawa yana faɗuwa.

Sai da na yanke kan na sa shi kusa da wani na kanti na ga bambancin. Haƙori na 3 da na 6 dole su fito daga tagwaye ɗaya, shi ya sa a jerin gaskiya koren yake buɗewa ya sa shuɗin a tsakiya. Ni kuwa na ba su wayoyi daga tagwaye biyu dabam, don haka saƙon yana tafiya a kan wayoyi biyu da ba a tufka su tare ba, kariyar da tufka ke bayarwa ta tafi gaba ɗaya. Ƙaramar na'urar gwaji ba ta iya gano wannan, domin abin da take dubawa kawai shi ne ko haƙori na 3 na nan ya isa haƙori na 3 na can, kuma ya isa. Tun daga ranar na daina yarda da fitilun nan su kaɗai. Kowane layi sai na haɗa kwamfuta biyu a ƙarshensa, na tabbatar sun daidaita a gigabit ɗaya, sannan na auna da manhajar iperf3, wadda ke gwada gudun da ke tsakanin na'urori biyu na cikin gida ba tare da ta fita intanet ba. Layin da yake lafiya yakan nuna kusan megabit 940, kuma duka nawa sun nuna haka bayan na gyara wancan.

Saitin Wi-Fi bai ɗauki lokaci ba, amma akwai abubuwan da suka yi tasiri. Na kashe Wi-Fi ɗin rautar tunda yanzu a ɗakin ajiya take, na bar ta ita kaɗai tana raba wa na'urori adireshi, domin idan masu rabawa suka zama biyu a gida ɗaya rikici ake samu. Tashoshin biyu na ba su suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya domin waya ta riƙa sauya sheƙa da kanta. A zangon 2.4 hanyoyi uku ne ba sa hawa kan juna, ta 1, ta 6 da ta 11, saboda haka na ba ɗaya ta 1, ɗayar ta 11, bayan na duba wadda maƙwabta suka fi cika. Sannan na rage musu ƙarfin watsawa, abin da da farko ya yi mini kama da komawa baya. Dalilinsa shi ne, idan tashar falo tana ihu da dukan ƙarfinta, wayar da aka tafi da ita ɗakin kwana za ta ci gaba da maƙale mata daga nesa maimakon ta kama wadda ke saman kanta, alhali muryar wayar ba ta kai ta tashar ƙarfi ba.

Wani amfani da ban yi tsammaninsa ba ya fito ne daga talabijin da kwamfutar tebur, waɗanda na ɗauke daga iska na sa a kebul. A kan hanya ɗaya ta Wi-Fi na'urori bi da bi suke magana, kamar majalisar da mutum ɗaya ke da bakin magana a lokaci guda, kuma na'urar da ke nesa mai rauni takan daɗe tana faɗin abin da na kusa zai faɗa nan take, kowa yana jiranta. Da masu cin kaso mafi yawa suka bar majalisar, sai wayoyin hannu suka samu sarari. Ra'ayina a yanzu shi ne duk abin da ba ya motsi daga wurinsa, in dai yana da ƙofar kebul, to a ba shi kebul.

Da na sake zagaya gidan da taswirata, ɗakin yara ya tashi daga -79 zuwa -54, ɗakin ƙarshe daga -84 zuwa -61, kuma a dukansu waya tana kama zangon gigahaz 5 tana wuce megabit 200. Kwamfutar ɗakin karatu tana samun abin da nake biya. Amma abin da ya fi faranta mini rai ba lambobin ba ne, ganin mai ɗakina ne ta yi hirar fiye da awa ɗaya daga ɗakinta hoton bai tsaya ba, yara kuma sun koma teburinsu.

Akwai abin da wayarin bai gyara ba, kuma adalci ne in faɗe shi. Wata tsohuwar waya da ke gidan zangon 2.4 kawai ta sani, tana nan yadda take. Shafin da ke kan wata kwamfuta mai nisa ko mai cunkoso ba zai yi sauri don na canja kebul ba, kuma wanda layinsa na megabit 20 ne, 20 ɗin zai samu, sai dai zai same shi a kowane ɗaki. Wanda ke gidan haya kuma ba shi da ikon fasa bango, ba sai ya yi duk abin da na yi ba, kebul ɗaya da aka bi da shi ta gindin bango a cikin siririn murfin roba zuwa tsakiyar gida, aka sa tasha a ƙarshensa, zai kawo mafi yawan wannan sauyi. Na'urorin nan masu haɗa kansu da kansu ta iska ma, waɗanda ake sayarwa biyu ko uku a kwali ɗaya, sun fi aiki nesa ba kusa ba idan aka haɗa su da kebul.

Taswirar da lambobin layukan na manna su a bayan ƙofar ɗakin ajiya, wadda na huda wa ramukan iska a sama da ƙasa saboda zafin na'urorin. A cikin kowane bututu mun bar igiyar ja guda ɗaya, shawarar dattijon nan ce ita ma, domin ranar da za a buƙaci ƙarin layi. Wuri ɗaya ya rage, wato bayan gida inda muke zama da yamma, wanda har yanzu yake nuna -73. Kebul mai lamba 7 yana naɗe a cikin silin daidai saman ƙofar baya, na riga na gwada shi ya nuna 940, tashar da ke jure ruwa da rana kawai yake jira.